Yadda Za a Riƙe Ruwan Sama a Gona a Ƙasar Sakkwato Yayin da Duniya Ke Ɗumama

Ruwan da ke sauka a Sakkwato da kewayenta daga Yuni zuwa Satumba yakan kai milimita 600 zuwa 700 a yawancin shekaru. Wannan ya ishi gero, ya ishi wake, har dawa a wuri mai laka. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 damina ta ɗan farfaɗo, sai dai ba da halinta na da ta dawo ba. Yanzu sai a tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin awa biyu, ya kwashi ƙasa da taki ya yi kwari da su, sannan a yi kwana goma sha biyar ba ɗigo, rana ta shanye ɗan abin da ya rage. A ƙarshen shekara ma'auni ya ce an sami ruwa, rumbu kuwa ya ce ba a samu ba.

Dalilin a taƙaice shi ne: man fetur, gawayin ƙasa da iskar gas da ake ƙonawa a masana'antu, motoci da tashoshin lantarki suna fitar da iskar kabon, sare dazuzzuka yana ƙara ta, dabbobi da gonakin shinkafa kuma suna fitar da iskar metan. Waɗannan iskoki suna barin hasken rana ya shigo, amma suna tare wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya, yau ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara aunawa, inda zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da kimanin digiri 1.5, wato iyakar da yarjejeniyar Faris ta 2015 ta so a tsaya a kai. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma ba a raba zafin bisa gwargwadon laifi. A watan Afrilun 2024, ana cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Abin da ya shafi manomi kai tsaye abu biyu ne. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, don haka tana saurin tsotse danshin ƙasa, kuma in ta tashi sakewa sai ta sake da yawa lokaci guda. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, aka buga a 2017, ya nuna cewa manyan hadarai masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Manomin Gada ko Tangaza ba shi da ikon rage hayaƙin Sin ko Amurka. Abin da ke hannunsa shi ne ya hana ruwa barin gonarsa.

A yi lissafin abin da ke guduwa. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ruwan milimita 30 a hekta ɗaya lita 300,000 ke nan, jarka 12,000 mai lita 25. A faƙo, inda saman ƙasa ya daskare kamar daɓe, fiye da rabinsa na iya wucewa bai shiga ba.

Tassa

Tassa ramukan shuka ne da ake haƙawa da rani a faƙo. Manoman Yatenga a Burkina Faso, waɗanda Yacouba Sawadogo ya fi shahara a cikinsu, su suka inganta dabarar a shekarun 1980, suna kiranta zai. Daga can manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ɗauko ta, ta bazu a ƙasar Adar, maƙwabtanmu na arewa. Ƙasarsu da tamu kusan iri ɗaya ce, abin da ya yi a can zai yi a nan.

Da farko a tabbata wurin ya dace. Tassa ta faƙo ce da ƙasa mai tsakuwa ko jar ƙasa mai tauri, mai ɗan gangare kaɗan. A jigawa mai rairayi sako-sako ɓata ƙarfi ne, iska da ruwan farko za su cike ramukan kafin shuka ta tsiro, kuma ita jigawa da ma tana shan ruwa. A kwari mai baƙar laka kuwa ruwa zai kwanta cikin ramin ya ruɓar da saiwa.

Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗoriya, zurfinsa santimita 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami santimita 80 zuwa mita ɗaya, taku guda na babba. Da tazarar mita ɗaya hekta na ɗaukar rami 10,000. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a bakin ramin ta ɓangaren gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, ta yadda ruwan da ke gangarowa zai tarar da baki a buɗe, ya ci karo da tudun a baya ya tsaya. Wanda ya zuba ƙasar ta sama ya toshe wa kansa ruwa, kuma wannan kuskure ya fi kowanne yawa wajen masu farawa. Layuka su gitta gangaren, kada su bi shi. Ramukan layi na biyu su faɗo a tsakanin na layin farko, irin zaman duwatsun murhu, don ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. In aka jera su a miƙe kamar sahu bayan sahu, ruwa zai sami hanya tsakaninsu, ƙarshenta ya buɗe zaizaya.

Kowane rami a zuba masa taki cikin tafi biyu, kimanin giram 300. Hekta za ta ci tan 3. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce: kashin tumaki da awaki da na shanu da aka tara tun bara, ko juji da aka tsince leda da gilashi da batir daga cikinsa. Ɗanyen taki yana zafi in ruwa ya taɓa shi, yana ƙona tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa. A zuba shi makonni kaɗan kafin ruwa, a yayyafa ƙasa siririya a kai don kada iska ta kwashe. Gara za ta zo. Kada a kore ta, aikinka take yi: tana huda ƙasan ramin tana bin taki, ta waɗannan kafofi ruwa ke sauka can ƙasa inda rana ba ta kai masa.

Aikin yana da nauyi, babu amfanin ɓoye wannan. Hekta ɗaya takan ci awa 300 ko fiye na diga da hauya. Ƙaƙƙarfan mutum yakan yi rami 100 zuwa 150 a yini. Shawara ita ce a fara da rubu'in hekta, rami 2,500 da taki kilo 750, a ƙara wani rubu'in baɗi. Inda ake gayya har yanzu, nan ne wurinta. A fara tun Disamba ko Janairu, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba kuma ga sanyi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ramin yakan yi shekara biyu zuwa uku, ana yashe shi kowace shekara, ana sabunta taki bayan shekara biyu. Faƙon da ba ya ba da ko dami ɗaya, da tassa da taki yakan ba da buhu uku zuwa huɗu na gero a hekta a shekarar ƙarancin ruwa, a shekara mai kyau ya kusa tan ɗaya.

Wanda ya makara har aiki ya kai shi Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, ya fita bayan asuba ya tashi da hantsi, sai la'asar sakaliya ya koma. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama. In jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar tsoka suka zo, a koma inuwa, a haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In kuwa jikin mutum ya yi rau, ya fara sambatu ko ya suma, wannan ya wuce ruwan gishiri da sukari. A cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, a nufi asibiti da shi ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Tsofaffi da ƙananan yara da masu juna biyu su ne zafi ya fi kayarwa, musamman da yake dare ma yanzu ba ya hucewa kamar da.

Rabin wata da jerin duwatsu

Inda faƙon ke da faɗi kuma ana son ciyawar dabbobi ko itatuwa tare da hatsi, rabin wata ya fi tassa. A kafa turke, a ɗaura igiya mai tsawon mita 2, a zana rabin da'ira mai faɗin mita 4 wadda bakinta ke kallon inda ruwa ke fitowa. A fasa cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar a bayan lanƙwasar, a daddaɓe. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na kusa da shi mita 8, tsakanin layi da layi mita 4, su ma a saɓa su. Hekta na ɗaukar kimanin 313. Kowanne a ba shi baro ɗaya na taki, kimanin kilo 35, a cuɗa da ƙasar ciki. Filin da aka bari tsakaninsu kada a nome shi, shi ne ke tattaro musu ruwa. Inda rabin wata ke karyewa shi ne ƙahonninsa biyu: in ɗaya ya fi ɗaya tudu, ruwa zai zagaya ta mai kwarin ya yanke shi. A jera 'yan duwatsu a nan, a shuka gamba a bayan tudun ta riƙe shi.

Ƙasar da ke da duwatsu a warwatse, a jera su su gitta gangare. A tona ɗan wuri zurfin santimita 10 zuwa 15, a zaunar da manya a ciki, a cusa ƙanana ta ɓangaren sama, tsayi ya kai santimita 20 zuwa 30. Tsakanin jeri da jeri mita 20 zuwa 50, gwargwadon tsananin gangaren. Ba madatsa ake ginawa ba, ruwa zai ratsa, amma a hankali, ya bar ƙasa da taki a baya.

Duk waɗannan ba sa aiki sai layin ya bi wuraren da tsayinsu ɗaya, ido kuwa yana yaudara. Abin aunawa ba shi da tsada: farin tiyo da ake ganin cikinsa mai tsawon mita 10 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya. A ɗaure bakin tiyo a jikin kowace sanda, a cika shi da ruwa har kumfar iska ta fita duka, domin kumfa ɗaya ta isa ta ɓata awo. A tsayar da sandunan kafaɗa da kafaɗa, a yi alama inda ruwa ya tsaya a kowacce. Mutum ɗaya ya tsaya da tasa, ɗayan ya matsa gaba yana hawa yana sauka har ruwan ya dawo kan alama a sandunan biyu. A kafa turke a nan, na baya ya wuce gaba, a ci gaba har ƙarshen gona. Da safe ake wannan, in rana ta yi tiyo yana saki, alamar ta goce.

Lokacin shuka da iri

Ruwan farko yanzu yana yawan yaudara. Ƙa'idar da masana aikin gona na Sahel ke bi ita ce a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ba shi da ma'auni ya tona da hannu washegari: in danshi bai kai zurfin taƙi ɗaya ba, ya haƙura. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin ranar saukar ruwa da inda ake tsoron tsayawarsa, ana kuma karanta shi a rediyo. Hasashe ne, ba alkawari ba, amma ya fi kintace. Binne yana da ribarsa in ruwa ya zo da ƙarfi, sai dai in yayyafi ne ya sauka, iri zai tsiro ya mutu, domin saman ƙasa tsirara yakan haura digiri 50 da tsakar rana. Mai yin binne ya ajiye irin sake shuka.

A cikin tassa a shuka a gefen takin, ba a tsakiyarsa ba. Bayan mako biyu zuwa uku a rage, a bar ƙafa uku a rami. Wanda ke da ɗan kuɗin takin zamani kada ya watsa shi. Giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemo, kilo 60 ke nan a hekta. Wannan dabara ce da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta gwada a Nijar. A sa shi da ɗan nisa da iri, kuma sai ƙasa na da danshi, in ba haka ba gishirinsa zai ƙona tsiron.

Kada a zuba duk gona a iri ɗaya. Geron SOSAT, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoman Najeriya, yana nuna cikin kimanin wata uku, yana tsere wa ɗaukewar ruwa da wuri. Aibinsa shi ne in kai kaɗai ka shuka shi a unguwa, tsuntsaye a kanka za su sauka. Irin gargajiya yana da kara mai yawa kuma ya san ƙasar, a raba gona tsakaninsu. Wake SAMPEA 14 daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya yana nuna da wuri kuma yana jure wa wuta-wuta. Bayan girbi a bar wani ɓangare na kara a kwance a gona. An san kara kuɗi ne, abincin dabba ne, danni ne, makamashi ne, amma ko kashi ɗaya cikin uku aka bari yana rage zafin ƙasa, yana kama ƙurar hunturu, yana kiran gara.

Masu fadamar Rima su tuna da ɗaya fuskar lamarin. Ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka daga Goronyo zuwa ƙasa. Rumbu da irin baɗi a tudu ake ajiye su, a kan duwatsu, ba a bakin fadama ba.

Sassaben zamani

Kowace shekara ana bikin dashen itatuwa, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada da itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya ratsa. Amma dashe yana da wuyar rayuwa a nan: ɗan itacen da ya fito daga leda sai ya tsallake wata takwas na rani da bakin akuya. Hanya mafi araha tana cikin gonarka tun tuni. Sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya da gawon da ake sassabewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai can ƙasa, shekara goma ko ashirin tana tara ƙarfi. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, da manoman wurin suka fara barin waɗannan tohon su tashi, abin da ake kira sassaben zamani. An kiyasta cewa hakan ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawansu ba wanda ya dasa.

Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, kafin a sa adda, a zagaya gona a zaɓi kututturan da za a raya, 20 zuwa 40 a hekta don farawa. A kowane kututture a zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a sassabe musu rassan gefe har rabin tsawonsu kawai. In aka aske su har kai, iska za ta karya su, akuya ta lanƙwaso su. Addar ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama, saran sama zuwa ƙasa yana tsage ɓawo ya buɗe wa ƙwari hanya. A haɗa tohon a ɗaure da tsumma mai launi, yana tallafa musu kuma yana shaida wa mai wucewa cewa da mai shi. A koma duk bayan wata biyu zuwa shida a cire sabon tohon da ya fito. Kowace shekara ana iya sare ɗaya a yi makamashi, a bar mafi kyau ya zama itace. Cikin shekara uku wanda ya sami kulawa yakan wuce tsawon mutum, abin da dashe ba ya yi.

Gawo ne ya fi cancantar a yi masa gata. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya, 'ya'yansa abincin tumaki ne. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Mai son shuka shi ya jiƙa irin a ruwan zafi da aka sauke daga wuta, ya kwana a ciki, ko ya ɗan kankare ɓawon, in ba haka ba zai daɗe bai tsiro ba. Shekarun farko kamar ba ya girma, saiwa yake turawa ƙasa. Dogon yaro kuwa a bar shi a iyakar gona, bakin hanya da ƙofar gida, a tsakiyar gona yana cinye danshin hatsi. A kwarin Majiya na Nijar, tun 1975, layuka bibbiyu aka dasa shi da tazarar mita 100 don tare iska. Layin itace yana kare fili mai nisan kimanin ninki goma na tsayin itatuwansa, kuma tun da guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, layin ya miƙe daga arewa zuwa kudu.

In dashe ya zama dole, a haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi tun kafin ruwa, a dasa a Yuli da yamma bayan damina ta zauna, a yage ledar gaba ɗaya, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi. Da rani a binne tulun ƙasa har wuya kusa da shi, a cika shi sau ɗaya ko biyu a mako, a rufe bakin. A kewaye shi da ƙayar magarya ko bagaruwa.

Abin da ya fi kashe sassaben zamani ba fari ba ne, hannun mutum ne: mai neman itacen girki da dare, da mai kiwo da ke sassaro wa dabbobinsa reshe bayan an sake gonaki. Manomi ɗaya ba zai iya gadin itace arba'in ba. Kafin a fara, maƙwabtan gona biyar ko goma su je wurin mai gari tare, a kira arɗon Fulanin yankin, a tsayar da magana a gaban kowa: itacen da aka ɗaura wa tsumma na mai gona ne, 'ya'yan gawo da suka zubo dabba ta ci, reshe kuwa sai da izini, ga kuma tarar wanda ya sare. A sanar da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma, a ji daga bakinsa yadda doka ta tanada game da sare itacen da mutum ya raya a gonarsa, tun kafin itacen ya isa sara.